Waiwaye: Yadda caca ta raya Makau, ta kuma ɗaure ta

A farkon watan Fabrairun 2020 hukuma ta rufe gidajen cacar Makau na tsawon kwana 15 saboda annobar korona. A wani garin da wannan ƙaramin labari ne. A Makau kuwa tamkar an rufe kasuwa da gona da baitulmali ne rana ɗaya. Kuɗin da gidajen suka samu a shekarar ya faɗo daga fataka biliyan 292 zuwa biliyan 60, tattalin arzikin yankin ya zube da fiye da rabi. Fataka ita ce kuɗin Makau, kusan takwas ke yin dalar Amurka ɗaya.

Makau ɗan tsigin wuri ne a gaɓar kudancin ƙasar Sin, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 33 ba, mutanensa ba su cika dubu 700 ba. Shi kaɗai ne wurin da doka ta halatta gidajen caca a duk ƙasar. Amma ba da caca garin ya fara ba. Turawan Fotugal sun zauna a nan wajen shekarar 1557, suka mai da shi zangon fatauci: alharinin Sin ya bi ta nan zuwa Japan, azurfar Japan ta dawo ta nan. Da Birtaniya ta karɓe Hong Kong a 1842, manyan jiragen ruwa suka koma can inda tashar ta fi zurfi, suka bar Makau da tasha mai cike da laka da gwamnati mai aljihu wayam. A tsakiyar ƙarni na 19 ne mahukuntan Fotugal suka halatta caca don su riƙa karɓar haraji. Tun ran gini tun ran zane: neman mafita daga talauci ne ya kawo ta, ba wani dogon tsari ba.

Cacar wancan zamani, fan-tan, ba ta da wuyar ganewa. Mai gida zai kifa ƙwarya a kan tulin maɓallai, jama'a su zuba kuɗi, sai ya buɗe ya riƙa janye maɓallan huɗu-huɗu da ɗan sanda. Abin da ya rage a ƙarshe, ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu, shi ke nuna wanda ya ci da wanda aka cinye. Gefe guda talakawan gari na sana'ar ashana da turaren tsinke da abin wasan wuta, daga baya aka sami masaƙu da ɗinkin tufafi.

A 1962 gwamnati ta damƙa harkar baki ɗaya ga kamfani guda, STDM, na wani attajirin Hong Kong, Stanley Ho, da abokansa. Shekara 40 suna riƙe da ita su kaɗai. Ho ya gane cewa ɗan caca ba ya son doguwar tafiya, sai ya zuba jiragen ruwa masu gudu da ke kawo mutanen Hong Kong cikin kusan awa ɗaya, ya buɗe otal ɗin Lisboa a 1970. Ƙarshen mulkin Fotugal bai yi kyau ba. Ƙungiyoyin 'yan daba sun yi ta harbe-harbe da ƙona motoci a kan wa zai mallaki ɗakunan manyan 'yan caca, har aka kama fitaccen jagoransu Wan Kuok-koi a 1998. Ranar 20 ga Disambar 1999 Makau ta koma hannun Sin, bisa alkawarin za ta ci gaba da bin dokokinta har shekara 50.

Abubuwa biyu suka sauya komai. A 2002 aka kawo ƙarshen babakeren Ho, lasisi ya koma hannun kamfanoni da suka kai shida, uku daga cikinsu masu tushe a Amurka: Sands da Wynn da MGM. A 2003 kuma Beijin ta fara barin mutanen wasu birane su shiga Makau ɗai-ɗai, ba sai cikin ayari ba. Aka cike tekun da ke tsakanin tsibiran Taipa da Coloane da ƙasa, aka sa wa sabon filin suna Cotai, aka kakkafa otal-otal masu dubban ɗakuna. A 2006 Makau ta wuce babban titin caca na birnin Las Vegas da ke Amurka a yawan kuɗi. A 2013 ta kai fataka biliyan 360, wato dala biliyan 45, kusan ninki bakwai na abin da wancan titi ya samu.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Dokar Sin ta taƙaita abin da mutum zai fita da shi, kuma kotunan can ba sa karɓar ƙarar bashin caca. Nan dillalai suka sami gindin zama. Dillali zai nemo attajiri a wani birnin Sin, ya biya masa jirgi da ɗaki, ya ba shi rancen abin da zai buga a keɓantaccen ɗaki, in an cinye shi kuma ya bi shi har gida ya karɓo bashin ta hanyar da shi ya sani. Mai ƙaramin ƙarfi yana da tasa dabarar: ya shiga kantin jingina kusa da gidan caca, ya sayi agogo mai tsada da katin banki, nan take ya mayar da shi a ba shi tsabar kuɗi bayan an cire la'ada. A shekarun ganiya, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin caca daga ɗakunan manyan nan yake fitowa. Ba kowane kuɗi ne mai tsabta ba, kuma kowa ya sani.

Mutanen gari sun ci moriya, ba a musu. Gwamnati na karɓar kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gidajen suka samu, abin da ke zama kusan kashi 80 na kuɗin shigarta. Da shi ake ba da ilimi kyauta na shekara 15, tun 2008 kuma ake raba wa mazauna tsabar kuɗi duk shekara, rabon da ya kai fataka dubu 10 ga cikakken ɗan gari. Aikin raba karta a teburin caca an keɓe shi ga 'yan gari kaɗai. Sai dai wannan gatan ne ya fi damuna. Yaro ya ga zai sami albashi mai kauri ba tare da dogon karatu ba, me zai zaunar da shi a aji? Sai da aka ɗaga shekarun shiga da na aiki a gidajen zuwa 21 a 2012. Masaƙu suka mutu, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, mai ƙaramin shago ya rasa ma'aikaci domin ba zai iya biyan abin da gidan caca ke biya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban kuma manta da iyalan da ke can nesa ba, waɗanda gidajensu da jarinsu suka narke a kan teburin, ba sa cikin lissafin kowa.

Makullin famfon kuwa yana Beijin. Da Shugaba Xi Jinping ya matsa yaƙi da cin hanci, manyan baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin caca ya ragu da kashi 34 cikin 100 a 2015. Korona ta zo ta ƙarasa: a 2022 biliyan 42 kacal aka samu. A Nuwambar 2021 aka kama Alvin Chau, shugaban Suncity, kamfanin dillalai mafi girma, aka yanke masa shekara 18 a farkon 2023. Dillalai masu lasisi, da suka haura 200 a 2013, yanzu 'yan ƙalilan ne.

Sabon lasisin shekara 10 da ya fara aiki a Janairun 2023 ya zo da sharaɗi: kamfanonin shida su zuba sama da fataka biliyan 100 a abubuwan da ba caca ba, irin su tarurruka da wasanni da nishaɗin iyali. Ana kuma jan hankalin masu jari zuwa tsibirin Hengqin da ke maƙwabtaka, ana tallata tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Baƙi sun dawo, kusan miliyan 35 a 2024, mafi yawansu daga Sin. Kuɗin caca a shekarar ya kai fataka biliyan 226, kuma har yanzu kusan huɗu cikin kowace fataka biyar da ke shiga asusun gwamnati daga teburin take fitowa. Lasisin zai ƙare a ƙarshen 2032.