Waiwaye: Yadda Aka Fara Yi Wa Jini Hanyar Ratse Don Ceto Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Samuwar allurar insulin a 1921 ta tsawaita ran masu ciwon sukari, sai dai tsawon ran ya zo da wata masifar. Shekaru na tafiya, jijiyoyin da ke kai jini ƙafa na tsukewa, ɗan rauni a yatsa ya zama gyambo, gyambon ya ruɓe. Abin da likita ya fi sani a lokacin shi ne yanke ƙafar.

Dabarar ɗinke jijiya da jijiya ta samu tun farkon ƙarni na 20 a hannun Alexis Carrel, Bafaranshen da ya ci lambar Nobel a 1912. A 1948 kuma Jean Kunlin, shi ma a Faransa, ya ciro doguwar jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga ƙafar majiyyaci, ya juya ta don kada ƙofofin cikinta su tare jinin, ya ɗinka baki ɗaya a saman toshewar, ɗaya a ƙasanta. Jini ya samu ratse.

Abin baƙin ciki, masu ciwon sukari sun daɗe ba su ci moriyar wannan ba. Wani bincike na 1959 ya dasa ra'ayin cewa ƙananan jijiyoyin tafin ƙafarsu a toshe suke, ko an kawo jinin ba shi da mashiga. Likitoci da dama suka yarda, ƙafafun da za a iya cetowa suka salwanta. Sai a 1984 Frank LoGerfo da Jay Coffman na Boston suka fito fili suka ƙaryata wannan. Toshewar ta fi zama a jijiyoyin ƙwauri, na tafin ƙafa kuwa galibi a buɗe suke. Daga nan likitocin tiyata suka ƙara ƙaimi wajen kai dashen har ƙasan idon sawu, gyambon da aka fid da rai da shi ya riƙa warkewa. A ganina babu gyaran da ya fi wannan muhimmanci a duk tarihin.

Tiyatar ta samu kishiya tun 1964, lokacin da Charles Dotter a Amurka ya buɗe jijiyar da ta toshe ta hanyar zura mata bututu, daga baya aka koma hura balan-balan a ciki. Gwajin BASIL na Birtaniya a 2005 bai ga babban bambanci tsakanin hanyoyin biyu da farko ba. Na BEST-CLI a 2022, mai majiyyata fiye da 1,800, akasarinsu masu ciwon sukari, ya fifita tiyata ga wanda ke da lafiyayyar jijiyar da za a ciro. BASIL-2 a 2023 kuwa ya karkata ga bututu idan toshewar tana ƙasan gwiwa. Shi ya sa yau kafin a yanke shawara ake duba ingancin jijiyar majiyyaci da na'ura, a kuma auna ko zuciyarsa da ƙodarsa za su jure doguwar tiyata.