Waiwaye: Allurar barci da tsatsar ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitocin karkara tsakanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru ya ga aikin allurar barci ta ketamin, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ake yi wa yaro kafin a wanke masa ƙuna ko a ɗinke rauni: ido a buɗe, amma ba ya nan. An haɗa ta a Amurka a 1962, kuma ta samu karɓuwa a wurare irin namu don ba kasafai take danne numfashi ba, ba ta kuma jiran wutar lantarki.

Shakku kan illarta ga ƙwaƙwalwar yara ya taso ne daga ɗakin binciken masani John Olney a birnin St. Louis na Amurka. A 1999 shi da Chrysanthy Ikonomidou suka nuna cewa magunguna irin ketamin na kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye. A 2003 Vesna Jevtovic-Todorovic ta sa ɓeraye 'yan kwana 7 barcin awa 6 da haɗin magunguna uku, har da midazolam, maganin kwantar da hankali da sa barci. Da suka girma sai koyo ya yi musu wuya. Daga baya aka ga irin haka a jariran birai.

To me ke cin ƙwayoyin? Fasa goro ka ajiye, jim kaɗan za ka ga cikinsa ya rine. Aikin oksijin ke nan. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, ita ke shan kusan kashi 20 na oksijin ɗin jiki. Idan barcin magani ya daɗe, maitokondiriya, wato murhun ƙwayar halitta, sai ta riƙa fitar da tartsatsin oksijin fiye da yadda jiki zai iya kashewa, tartsatsin ya yi ta cin kitsen bangon ƙwayar kamar tsatsa. A 2012 an gwada wa ɓeraye magungunan kashe wannan tartsatsi, ɓarnar ta ragu sosai.

A Disambar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan yara 'yan ƙasa da shekara 3, idan barcin ya wuce awa 3 ko aka maimaita shi. Sai dai ɓera ba ɗan mutum ba ne, kuma awa 6 a rayuwarsa ba wasa ba. Wani bincike mai suna GAS na 2019, kan jarirai 722 da aka yi wa aikin gwaiwa, bai ga bambancin basira a shekara 5 ba tsakanin waɗanda aka sa barcin da bai kai awa ɗaya ba da waɗanda ba a sa barci ba, ko da yake da sebofuluren, iskar sa barci da ake shaƙa, aka yi shi, ba da ketamin ɗin da muka dogara da ita ba.