Ƙungiyar Mazauna Unguwar Dudley

Ƙungiyar Mazauna Unguwar Dudley, wadda sunanta na rajista shi ne Dudley Street Neighborhood Initiative, ake kuma taƙaita shi da DSNI, ƙungiya ce ta 'yan unguwa a birnin Boston da ke jihar Massachusetts a Amurka. An kafa ta a 1984 domin farfaɗo da wani yanki da ya ratsa unguwannin Roxbury da arewacin Dorchester, wanda gobara da zubar da shara da cinikin miyagun ƙwayoyi suka ɗaiɗaita. Abin da ya fito da sunanta shi ne ikon da hukumomin birnin suka ba ta a 1988 na karɓar filayen da masu su suka yi watsi da su, tare da biyan diyya. Ana yawan ambatonta a matsayin ƙungiyar 'yan unguwa ta farko da ta samu irin wannan iko a ƙasar.

Yadda unguwar ta lalace

Har zuwa wajen 1950 yawancin mazauna Dudley fararen fata ne 'yan ƙwadago, akasarinsu 'yan asalin Ayilan da Italiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka fara kwashe iyalansu zuwa sababbin unguwannin bayan gari, inda gwamnati ta sauƙaƙa musu samun bashin sayen gida. Waɗanda suka maye gurbinsu baƙaƙen fata ne da suka taso daga kudancin Amurka, da masu jin Sifaniyanci, musamman daga Puerto Rico, sai kuma 'yan tsibiran Cape Verde. Su kuwa ba su samu wannan gata ba. Bankuna da kamfanonin inshora sun shata yankin a taswirarsu a matsayin wurin da ba a zuba kuɗi a cikinsa, har ta kai mai gida ba ya samun bashin gyara rufinsa, balle ya samu mai saye da daraja.

Daga nan gobara ta shigo. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 gidaje sun yi ta cin wuta cikin dare, kuma an yi ittifaƙi cewa da yawa da gangan aka cinna, domin mai gidan haya da ke zaune nesa ya fi samun riba daga kuɗin inshora fiye da kuɗin haya. Idan gida ya ƙone sai hukuma ta rushe kangon, fili ya rage. Lokacin da aka kafa ƙungiyar an ƙiyasta irin waɗannan filaye sun kai kimanin 1,300. Nan suka koma juji. 'Yan kwangila daga wasu sassan birnin suna zuwa da manyan motoci su juye ɓaraguzan gini da tsofaffin firji da tayoyi, har da ruɓaɓɓen nama, ɓarayi kuma suna yasar da motocin sata bayan sun kwance abin da za su kwance. Ga kuma wasu wuraren tara shara da ke aiki ba tare da lasisi ba, dab da gidajen mutane, ɓeraye da wari sun hana yara wasa a ƙofar gida.

Kafuwa

Tunanin kafa ƙungiyar ya fito ne daga wata gidauniyar agaji ta Boston mai suna Riley da wasu cibiyoyin taimakon jama'a da ke aiki a yankin, musamman La Alianza Hispana, wadda Nelson Merced ke shugabanta a lokacin. Su suka tsara kwamitin gudanarwa, suka ba cibiyoyin mafi yawan kujeru, suka ware wa mazauna 'yan kaɗan.

A farkon 1985 aka kira taron jama'a a cocin St. Patrick domin a gabatar da shirin, kuma mutane kusan 200 suka halarta. Taron bai tafi yadda aka tsara ba. Wata mazauniya, Che Madyun, ta miƙe ta tambayi waɗanda ke zaune a kan teburi ko su nawa ne ke kwana a unguwar, sai ta bayyana kusan babu. Masu shirin suka janye tsarin nasu, aka sake zama. A sabon tsarin mazauna ne ke da rinjaye, kuma an raba kujerunsu daidai wa daida tsakanin al'ummomi huɗu, wato baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci da 'yan Cape Verde da fararen fata, ba tare da duba wa ya fi yawa ba. Sauran kujerun na cibiyoyi ne da majami'u da ƙananan 'yan kasuwa, daga baya aka ƙara na matasa. Ana gudanar da taruka da Turanci, ana fassarawa nan take zuwa Sifaniyanci da harshen Cape Verde. Madyun ta zama shugabar kwamitin na tsawon shekaru, Peter Medoff kuma shi ne babban darakta na farko.

Yaƙi da shara

Ƙungiyar ba ta fara da gina gidaje ba. Ma'aikatanta sun bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar abin da ya fi damun mutane, amsar da ta fi yawa ita ce shara. A 1986 aka ƙaddamar da gangamin hana mai da unguwar juji. Mazauna suka fito aikin gayya da shebur da manjagara, suka riƙa rubuta lambobin motocin da ke zuwa juye shara, suka matsa wa hukumar birni ta janye motocin da aka yasar, ta kuma killace filaye. A 1987 suka yi zanga-zanga a ƙofar wuraren tara sharar nan marasa lasisi, suka yi barazanar kwashe sharar su kai ta harabar ofishin magajin gari. Magajin garin na lokacin, Raymond Flynn, ya zo da kansa aka garƙame wuraren da kwaɗo. A wannan shekarar dai birnin ya amince da tsarin raya unguwar da mazauna suka tsara tare da ƙwararrun da suka ɗauka da kansu.

Mallakar filaye

A tsakiyar yankin akwai wani yanki mai kusurwa uku, faɗinsa kimanin eka 60, kusan rabinsa fili ne. Wajen eka 15 na hannun birnin saboda bashin haraji, sauran kuma na ɗaiɗaikun mutane ne, da yawansu ba a ma san inda suke ba. Filayen sun cakuɗe da juna, ba yadda za a yi gini mai ma'ana sai an haɗa su.

A Nuwamban 1988 hukumar raya birnin Boston ta amince ta ba ƙungiyar ikon karɓar filayen da babu gini a kansu. Abin lura shi ne da irin wannan iko ne aka tashi talakawan unguwar West End ta Boston a ƙarshen shekarun 1950, shi ya sa wasu mazauna suka yi ɗari-ɗari da farko. Wasu mambobin hukumar ba su so ba, wasu masu filaye kuma sun garzaya kotu, abin da ya jawo jinkiri na shekaru. A 1992 gidauniyar Ford ta ba da rancen dala miliyan 2 domin biyan diyya. Gus Newport, tsohon magajin garin Berkeley a California, shi ne darakta a mafi yawan wannan lokaci.

An damƙa filayen ga wata hukumar amana mai suna Dudley Neighbors Incorporated. Tsarin ya yi kama da waƙafi: ƙasar tana hannun amana, ba a sayar da ita, mai saye yana mallakar ginin ne kawai, ya karɓi hayar ƙasar na shekara 99. In ya tashi sayarwa akwai iyakar ribar da zai ɗora, domin gidan ya ci gaba da zama wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye. Rukunin farko, Winthrop Estates, an kammala shi wajen 1994. Zuwa yanzu an gina gidaje fiye da 200 a kan filayen amanar, ban da lambuna da filayen wasa da dandalin unguwa da rumfar gilashi ta renon shuke-shuke. Lokacin rikicin bashin gidaje na 2008, da bankuna suka yi ta ƙwace gidaje a Roxbury da Dorchester, kaɗan ƙwarai ne aka ƙwace a filayen amanar.

Batun tsaro

Ƙungiyar ba ta 'yan sintiri ba ce, ba ta kama mutum, ba ta ɗaukar makami. Dabararta ita ce cika wuri da jama'a. Misalin da aka fi bayarwa shi ne filin shaƙatawa na Mary Hannon, wanda dillalan ƙwaya suka mamaye. A bazarar 1991 mazauna suka shirya wasanni da gasar ƙwallo da shagulgulan iyali tun safe har dare, tare da neman 'yan sanda su riƙa leƙowa, har dillalan suka rasa wurin tsayawa. An kuma jawo matasa cikin kwamitoci da aikin zane a bango. Ɗaya daga cikinsu, John Barros, ya shiga kwamitin gudanarwa yana matashi, ya zama babban darakta, sannan ya tsaya takarar magajin gari a 2013.

Kisan kai a Boston ya sauka daga 152 a 1990 zuwa 31 a 1999. Masana sun yi saɓani kan dalili: wasu na danganta shi da shirin 'yan sanda na Ceasefire na 1996, wasu da haɗakar limaman coci ta Ten Point, wasu da raguwar cinikin hodar iblis a faɗin ƙasar. Rabon Dudley a ciki ba a tantance shi ba.

Halin yanzu

Ƙungiyar tana nan tana aiki, sai dai damuwarta ta koma tsadar gidaje da ke korar tsofaffin mazauna. A 2019 aka sauya sunan dandalin Dudley da ke kusa zuwa Nubian Square, titin Dudley kuwa da ƙungiyar suna riƙe da sunansu.