Rushewar iyali a ƙagaggun labaran ƙarancin abinci da ruwa

Ƙagaggun labaran mummunar makoma, waɗanda manazarta adabi ke kira distofiya, reshe ne na rubutun zube da ke hasashen zamanin da al'umma ta lalace. Da yawa daga cikinsu sun ginu a kan ƙarewar hatsi ko ruwa ko man fetur, kuma marubutansu sun fi nuna ɓarnar a cikin gida, wurin rabon abinci tsakanin waɗanda suka haɗa jini, fiye da a fadar masu mulki.

Littafin da ya fi fito da wannan jigo ƙarara shi ne The Death of Grass na John Christopher, ɗan Ingila, wanda aka buga a 1956. A cikinsa wata cuta ta kashe shinkafa da alkama da duk dangin ciyawa, sai wani magidanci ya kwashi iyalinsa daga Landan ya nufi gonar ɗan'uwansa da ke cikin wani kwari a arewacin ƙasar. Kafin ya isa ya riga ya saba da kisa, ya kuma tara mabiya. Da aka ƙi buɗe wa dukan tawagar ƙofa, domin gonar ba za ta iya ciyar da kowa ba, sai aka gwabza faɗan da ɗan'uwan nasa ya rasa ransa a ciki. Abin da ke tayar da hankali shi ne babu ɗayansu da ya taso mugu. Kowanne na ƙoƙarin kare waɗanda ke wuyansa ne.

A Amurka, Parable of the Sower na Octavia Butler, na 1993, ya fara labarinsa a Kaliforniya ta 2024, inda ruwa ya fi fetur tsada. Mahaifin yarinyar da ke ba da labarin ya ɓace, an kashe ƙanenta da ya bar gida, daga baya ta kafa sabon dangi da baƙin da ta haɗu da su a hanya. The Road na Cormac McCarthy, na 2006, ya rage iyali zuwa uba da ɗa kawai, bayan uwar ta kashe kanta. A Larabci kuwa, Utopia na Ahmed Khaled Towfik, na 2008, ya hasko Masar ta 2023 da attajirai suka killace kansu a gaɓar tekun arewa, talakawa kuma suka zauna cikin yunwa da cuta.

Ga mai karatu Bahaushe a Mai Wurno ko Gadarif ko Omdurman, garuruwan ƙasar Sudan, wannan ba hasashe ba ne zalla. Farin 1984 zuwa 1985 ya tarwatsa gidaje a Darfur da Kordofan, aka sayar da dabbobi da arha, maza suka tafi neman aiki, jama'a masu yawa suka yi sansani a Muwailih da ke yammacin Omdurman. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai ga tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam, kusa da Fashir, a Agustan 2024.

Nan ne ma raunin yawancin waɗannan littattafai yake bayyana. Iyalin da suka sani shi ne miji da mata da 'ya'ya biyu, don haka da zarar hukuma ta faɗi sai maƙwabci ya zama abokin gaba. Ba su cika lissafa kawu da goggo da surukai ba, balle gayya, wadda a Sudan ake kira nafir. Gaskiya ne zumunci kan zama nauyi idan gida guda ya karɓi dangin da suka yi gudun hijira, har a samu saɓani kan mudun dawa. Amma a wannan yaƙin matasan unguwanni sun buɗe wuraren girkin haɗaka da ake kira takaya a Khartum da Omdurman, inda ake dafa wake da adas a raba wa gidaje kyauta, galibi da kuɗin da 'yan'uwa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashe ke aikowa.