Kansar Hanji Idan Ta Kai Hanta: Yadda Hukuncin Likitoci Ya Sauya

Har cikin shekarun 1970, idan likita ya buɗe cikin mai kansar babban hanji ya tarar da ƙari a hanta, abin da aka saba shi ne ya cire na hanjin in zai ciru, ya ɗinke ciki, ya fito ya ba dangi haƙuri. Hanta dai ba a cika taɓa ta ba. Yau a manyan asibitocin da suka ƙware a wannan aiki, kusan rabin waɗanda aka yanke wa irin wannan ƙari suna nan da ransu bayan shekara 5. Wannan sauyi bai zo da daddare ɗaya ba, kuma an sha gardama kafin a kai gare shi.

Dalilin da ya sa hanta ce ke fara kamuwa yana cikin yadda Allah ya tsara jiki. Jinin da ke fitowa daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya bi wata babbar jijiya ya shiga hanta a tace shi. Duk ƙwayar kansar da ta ɓalle daga hanji, hanta ce zangonta na farko. A jikin wasu mutane cutar kan yada zango a nan ta daɗe ba ta wuce ba. Ga waɗannan, cire ƙarin yana iya zama cire cutar baki ɗaya. Duk hujjar yin wannan tiyata a kan wannan take.

Abin da ya hana likitoci tun farko shi ne jini. Hanta tamkar soso ce da ya sha ruwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake ratsawa, kuma namanta mai taushi ne, ba ya riƙe zare. Carl Langenbuch na birnin Berlin, wanda ya ba da rahoton yanke wani ɓangare na hanta a 1888, sai da ya sake buɗe cikin matar da ya yi wa aikin saboda zubar jini kafin ta tsira. A 1908 Hogarth Pringle na Glasgow ya nuna cewa in aka matse jijiyoyin da ke shiga hanta daga ƙofarta, jini yakan lafa na ɗan lokaci. Waɗanda ya yi wa aikin, masu raunin hanta ne, ba su rayu ba, amma dabarar tasa har gobe da ita ake aiki. Richard Cattell na Amurka ya ba da labarin cire ƙarin kansar dubura daga hanta cikin nasara a 1940, sannan a 1952 Jean-Louis Lortat-Jacob na Faransa ya cire ɓangaren dama na hanta bayan ya fara ɗaure jijiyoyinsa.

Wanda ya ba likitoci taswira shi ne Claude Couinaud, shi ma Bafaranshe. Ya riƙa ɗura wani ruwa mai daskarewa cikin jijiyoyin hantar mamata, ya narkar da naman, ya zauna yana nazarin rassan da suka rage. A 1957 ya bayyana cewa hanta yanki 8 ce, kowane yanki da hanyar shigar jininsa da hanyar fitar ruwan matsarmamarsa. Kamar gida mai sassa: ana iya rushe sashe ɗaya, sauran su ci gaba da zama. Duk da haka aikin bai daina cin rai ba. Wani bincike da Foster da Berman suka tattara daga asibitocin Amurka a 1977 ya nuna kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar hanta suna mutuwa sanadiyyar aikin, a manyan ayyuka kuwa abin ya haura kashi 20.

Da wannan haɗari a gaba, ba abin mamaki ba ne da wasu manyan likitoci suka ƙi yarda. A 1989 William Silen na jami'ar Harvard ta Amurka ya rubuta ƙarara cewa amfanin wannan tiyata abin shakka ne. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta: likitan tiyata yana zaɓen masu ƙarfin jiki, masu ƙari ɗaya ko biyu, waɗanda cutarsu ke tafiya a hankali. Ta yaya za a san wuƙa ce ta tsawaita kwanansu, ba dama can masu nisan kwana aka zaɓa ba? Ba a taɓa raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu a bar wasu, don a warware wannan ba, kuma yanzu babu likitan da zuciyarsa za ta yarda ya yi hakan. Amsa mafi kusa ta fito daga Erlangen ta Jamus a 1990, inda Johannes Scheele ya bibiyi mutanen da ƙarinsu zai ciru amma ba a cire ba. Ko ɗaya bai kai shekara 5 ba. Cikin waɗanda aka cire wa tsaf, kusan kashi 40 sun kai.

Ko masu goyon bayan aikin a lokacin sun kafa masa shinge. Ƙa'idar da ta yaɗu a shekarun 1980 ita ce kada ƙari ya wuce 3, kada cutar ta kasance a wani wuri ban da hanta, kuma a yanko da lafiyayyen nama na santimita 1 a kewaye. Mai ƙari 4 sai a sallame shi.

A 1999 Yuman Fong da abokan aikinsa na cibiyar Memorial Sloan Kettering a New York suka fitar da sakamakon mutum 1,001. Waɗanda aikin ya yi ajalinsu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, kashi 37 sun kai shekara 5, kashi 22 sun kai shekara 10. Suka kuma ware alamomi 5 da ke nuna cutar za ta iya dawowa: ta shiga kaluluwar da ke kusa da hanji, ta bayyana a hanta kafin shekara ta zagayo da gano ta a hanji, ƙari ya wuce ɗaya, girmansa ya wuce santimita 5, ko awon CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jinin mai wannan kansa, ya haura 200. A 2007 wannan cibiya ta sake duba tsofaffin marasa lafiyarta 612, ta tarar 102 sun cika shekara 10 a raye. Ke nan mutum ɗaya cikin 6 ana iya cewa ya warke. A ganina wannan adadi ya fi kowane nauyi a tarihin nan, domin mutane ne aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ba hasashe ba.

Shingen ya fara rushewa ne daga asibitin Paul Brousse da ke wajen birnin Paris. Henri Bismuth da mutanensa sun ɗauki marasa lafiya 330 da aka yanke cewa ƙarinsu ba zai ciru ba, aka ba su kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, yawanci haɗe da sabon magani oksaliplatin. A 1996 suka ba da rahoton cewa a jikin 53 ƙarin ya motse har aka iya yin tiyata, kuma kashi 40 na waɗannan sun kai shekara 5. Daga nan kalmar "ba zai ciru ba" ta zama hukuncin yau kawai, wanda za a sake dubawa bayan wata biyu ko uku.

Sai tambayar kanta ta juya. Da ana ƙirga abin da za a cire, yanzu ana auna abin da za a bari. Hanta tana sake tofowa, don haka in za a bar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 mai lafiya, da jijiyoyinsa cikakku, mutum zai iya rayuwa. Wanda kemo ya gajiyar da hantarsa yana buƙatar fiye da haka. In abin da zai rage ya yi kaɗan, akwai dabarar da Masatoshi Makuuchi na Japan ya yaɗa: a toshe jijiyar da ke ciyar da ɓangaren mai cuta, jini ya karkata ga mai lafiyar, ya girma cikin 'yan makonni, sannan a yi aikin. A 2000 René Adam, shi ma na asibitin Paul Brousse, ya bayyana yin tiyatar a zango biyu. Ƙa'idar santimita 1 ma ta faɗi a 2005, da aka gano in dai bakin yankan ya fita tsaf, ko da milimita 1 ne, sakamakon ba ya bambanta sosai. Tiyata ta ƙananan huji da ƙona ƙananan ƙari da zafi ta hanyar allura sun biyo baya, sun rage wahalar jinya.

Ba kowane fata ne ya tabbata ba. Babban gwajin Turai na mutum 364, wanda ya fito a 2008, ya nuna ba da kemo kafin tiyata da bayanta yana jinkirta dawowar cutar, amma da aka sake dubawa a 2013 ba a ga bambanci bayyananne a tsawon rai ba. Wani gwaji a Birtaniya da ya ƙara maganin setuksimab a kan kemo ga masu jiran tiyata ya ƙare da sakamako mafi muni ga waɗanda aka ba su shi. Kuma har yanzu wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin cutar kan dawo musu, ko da yake sau da yawa ana iya sake yankewa. Mafi yawan masu wannan cuta ma ba sa kai wa ga teburin tiyata, domin waɗanda ƙarinsu ke ciruwa tun farko ba su wuce ɗaya cikin 5 ba.

Ga kaɗan daga cikin sauran, an dawo da dashen hanta, wanda aka yi watsi da shi a shekarun 1990 saboda rashin sakamako. Likitocin Oslo ta Norway sun sake gwadawa, a 2013 suka ba da rahoton mutum 21 da aka ƙiyasta kashi 60 cikinsu za su kai shekara 5. Gwajin TransMet na mutum 94, da aka wallafa a 2024, ya nuna kashi 57 na rukunin dashe da kemo sun kai shekara 5, a rukunin kemo kaɗai kuwa kashi 13. Tantance waɗanda za a yi wa dashen tana da tsanani ƙwarai, kuma hantar dashe ba ta wadata ko a Turai.

Duk alƙaluman nan daga asibitocin da ke da wadataccen jini a ajiye, da sashen kulawa ta musamman, da na'urar hoton CT da MRI suka fito. A wajenmu abin da ya fi damuna ya riga tiyata faruwa. Mutum zai yi wata da watanni yana ganin jini a bayan gida ana ce masa basir ne, yana shan jiƙe-jiƙe, sai ciki ya kumbura ido ya yi rawaya a nufi asibiti. Wanda kuma aka samu aka cire masa kansar hanji, yakan ɗauka an gama, ya daina komawa, alhali a shekara biyu zuwa uku na farko ne cutar ta fi bayyana a hanta, kuma gwajin CEA da hoton ciki a kan kari su ne ke kama ta tana ƙarama. In hoton ya nuna ƙari a hanta, haƙƙin mara lafiya ne ya nemi likitan da ya ƙware a tiyatar hanta ya duba hoton da idonsa kafin a ce masa babu abin yi.