Tambayoyi da amsoshi kan sabunta sautin faya-fayen The Beatles

Me ya sa aka sake fitar da waƙoƙin ƙungiyar da ta watse tun 1970?

Waƙoƙin The Beatles, mawaƙan nan huɗu na birnin Libaful a Ingila, sun fara fitowa a faifan CD a 1987, lokacin da fasahar dijital ba ta gama nuna ba, kuma masu saurare sun daɗe suna ƙorafin cewa sautin bai kai kaurin na faifan garmaho ba. Kamfanin faya-faye na EMI da Apple Corps, kamfanin ƙungiyar, suka ɗora aikin gyaran a kan injiniyoyin situdiyon Abbey Road da ke Landan, waɗanda suka shafe shekara huɗu a kansa, aka fitar da sababbin faya-fayen ranar 9 ga Satumba, 2009.

Wane gyara aka yi?

An ɗauko tef ɗin asali na kowane kundi aka kwafe shi cikin kwamfuta waƙa bayan waƙa, ana share ƙurar da ta taru a kan na'urar kafin a sa ta gaba. Daga nan aka cire abin da na'ura ce ta jawo shi, irin ƙarar lantarki da bugun iska a makirfo. Abin da ya fito daga mawaƙan kansu kuwa, kamar numfashi da tari da ƙarar fedar gangar Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, an bar shi yadda yake. Na'urar rage shuu ɗin tef, wadda wasu injiniyoyi kan wuce gona da iri da ita har waƙa ta rasa armashi, ƙasa da minti 5 kawai ta taɓa cikin jimillar minti 525 na waƙoƙin.

Shin daidai yake da aikin da Giles Martin ya yi daga baya?

A'a. A 2009 ba a taɓa yadda aka haɗa muryoyi da kayan kiɗa ba. Shi kuwa Giles, ɗan George Martin wanda ya tsara kusan duk faya-fayen ƙungiyar, ya koma ga tef ɗin da aka naɗi sassan kiɗan daban-daban ya sake haɗa su, cikin kundayen asali na ƙungiyar ya fara da Sgt. Pepper a 2017. Da ya zo kan Revolver a 2022, sai da ya nemi manhajar rarrabe sauti ta kamfanin Peter Jackson, mai shirya fina-finai, domin an cusa kayan kiɗa da dama a layi ɗaya na tef mai layi huɗu.

Mono ko sitiriyo, wanne ya fi?

A nan ne gardama ta fi zafi. A mono duk sautin a haɗe yake fitowa ta hanya ɗaya, a sitiriyo kuwa ana raba shi hagu da dama. A yawancin shekarun 1960 mono ne abin da jama'a ke saye, kuma wajen haɗa shi ne mawaƙan suka fi zama, sitiriyo kuwa sau da yawa a gurguje ake yinsa bayan sun tafi. Wanda ya sa abin sauraro a kunne ya kunna sitiriyon wasu kundayen farko zai ji murya a kunne ɗaya, kiɗa a ɗayan, abin da ke gajiyarwa. A ganina, mai neman abin da mawaƙan suka amince da shi ya fara da akwatin faya-fayen mono da aka fitar a 2009, sai dai ba zai sami kundayen Abbey Road da Let It Be a ciki ba, domin a sitiriyo kaɗai aka haɗa su.