Waiwaye: yaushe ne gyara ya koma ya fi sabo tsada?

Duk sanda aka taso da maganar nan ta jefar da kaya sai ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu su ce ai mutanen yanzu ne ba su da haƙuri, da abu ya ɗan samu waya ko fanka sai a wurgar a sayo sabuwa, wasu kuma su ce a'a, masu ƙera kayan ne ke yin su da gangan don su mutu da wuri. Muhawarar ta ƙara zafi saboda dokokin 'yancin gyara, wato masu tilasta wa masu ƙera kaya su sauƙaƙa gyaransu, da ake ta yi a Turai da wasu jihohin Amurka, ga kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka san an tattara an sake sarrafawa kusan kashi 22 ne kawai cikin 100. Ni dai a ganina kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Dutsen guga na ne ya daina zafi kwanaki, na kai wa wani dattijo mai gyara, ya juya shi ya sake juyawa yana neman inda zai sa sukundireba, noti ɗaya tak ya samu, sauran duk haƙoran roba ne da aka danna suka kama juna tun daga masana'anta. Ya ce min, ɗana, na san abin da ya mutu a ciki, ɗan fis ne da bai kai ƙwayar wake ba, amma kafin in kai gare shi sai na fasa robar nan, in na fasa kuma ba za ta koma yadda take ba, kuma aikin da zan yi in na faɗa maka kuɗinsa za ka ce gara ka sayi sabo. Na ce Baba to ya za a yi, ya ce gaskiya in ni ne kai sabon zan saya. Mai gyara da bakinsa ke cewa kar a gyara fa, kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba, lissafin haka yake.

Tarihin ƙera kaya don su mutu da wuri da kowa ke maimaitawa ba sai na ja shi ba. A 1924 manyan masu yin ƙwan lantarki suka haɗu a Geneva suka amince kada ƙwan ya wuce awa 1,000 yana ci. A 1932, lokacin karayar tattalin arziki, wani ɗan kasuwa a New York ya rubuta ƙasida yana ba da shawarar a riƙa yanka wa kaya wa'adin mutuwa don masana'antu su samu aiki. A 1955 mujallar Life ta buga hoton wani iyali suna watsa faranti da kofuna na yarwa sama suna murna. Duk an yi, amma ka lura, shekaru da yawa bayan wannan mutane suna ta gyaran rediyo da takalmi da agogo abinsu. A Ingila ma lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ce da kanta ta riƙa koya wa mutane faci da ɗinkin tsofaffin kaya. Ke nan son sayar da sabo ya daɗe, abin da ya rage shi ne sabon ya yi arhar da gyara zai zama asara.

Wannan kuwa ya soma ne ranar 26 ga Afrilu 1956, ranar da wani tsohon jirgin dakon mai da aka yi wa kwaskwarima, mai suna Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da akwatunan ƙarfe 58. Kwantena ke nan, wannan da muke gani kullum a bayan tirela ba ma ko ɗaga kai mu kalle ta. Kafin ita, kaya buhu-buhu da kwali-kwali ake loda su, 'yan dako su kinkima su shiga da su cikin jirgi su jera ɗaya bayan ɗaya, jirgi ya yi kwanaki a tasha yana jiran lodi da saukewa, wasu kayan su fashe wasu a sace a hanya. An ƙiyasta cewa lodin tan ɗaya da hannu a lokacin yana cin dala 5.86, da kwantena kuwa ya dawo kusan senti 16. Wanda ya fito da dabarar kuwa wani mai manyan motoci ne da ya gaji da jira a bakin tasha, ba shi da wata niyya game da dutsen gugan kowa, amma abin da ya biyo baya ya shiga gidan kowa.

A ƙarshen shekarun 1960 aka daidaita girman kwantena a duniya, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40, ta yadda duk jirgi da jirgin ƙasa da tirela za su ɗauke ta ba tare da an buɗe ba. Daga nan nisa ya daina zama matsala, masana'anta za ta iya komawa duk inda hannun ma'aikaci ya fi arha, ta ƙera miliyoyi, a ƙetaro da su teku kuɗin dakon kowane ɗaya bai taka kara ya karya ba. Yau akwai jiragen da ke ɗaukar kwantena sama da 20,000 a tafiya ɗaya. To amma shi mai gyara ba a sa shi a kwantena, yana nan inda kake, yana biyan haya a garinku, yana ciyar da iyali da tsadar garinku, kuma awa ɗayan da zai ɓata yana buɗe fankarka awa ɗaya ce jiya da yau. Wani masanin tattalin arziki, William Baumol, ya yi bayanin irin wannan tun a shekarun 1960, cewa akwai ayyukan da inji ba ya rage musu lokaci, misalinsa makaɗa huɗu da har gobe sai sun zama huɗu kafin su kaɗa abin da aka tsara wa mutum huɗu, don haka irin waɗannan ayyuka kullum tsada suke ƙarawa in aka gwada su da kayan masana'anta. Gyara yana cikinsu. Sabo yana ta sauka, gyara yana ta hawa, har suka haɗu suka wuce juna, kuma babu wanda ya yi shela ranar da hakan ta faru, a wasu kayan da wuri a wasu a makare.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ya shiga cikin ƙirar kayan kansu. A da mai ƙera rediyo ya san za a buɗe shi wata rana, shi ya sa da yawa za ka samu zanen wayoyin ciki an manna a bayan murfi, kuma talabijin na wancan zamani kwalaben gilashi ne a ciki masu kama da ƙwan fitila da ake zarewa da hannu, a Amurka har a kantunan magani akwai na'urar da mutum zai je ya gwada kwalbarsa ya sayi wata ya dawo ya maƙala da kansa. Da ƙera ya koma nesa kuma ya koma na gaggawa, sai tambayar ta zama yaya za a haɗa abu cikin daƙiƙu kaɗan, ba wanda ke tambayar yaya za a kwance shi. Noti yana cin lokaci, gam da haƙoran roba ba sa ci. Daga shekarun 1980 aka koma liƙa 'yan mitsi-mitsin kayan lantarki a kan allo da inji, wasu ko ƙwayar gero sun fi su girma, ido da ƙarfen dalma na hannu ba su isa ba. Kayan sun yi sauƙi sun yi ƙanƙanta sun yi arha, wannan kam ba a musu, talakan da a da bai isa ya mallaki talabijin ba ya mallaka, kuma ba na cikin masu raina wannan. Amma kayan gyara suka yi wuya, don ajiye 'yan ƙananan abubuwa dubu a sito shekara goma ya fi turo sabon kwali tsada, kuma kafin naka ya lalace an riga an canza samfuri sau uku.

Martanin bai daɗe da farawa ba. A 2009 aka buɗe wurin gyara na sa-kai na farko a Amsterdam, inda mutane ke kawo kayansu a gyara tare kyauta. A 2015 Faransa ta mai da rage ran kaya da gangan laifi, a 2021 kuma ta sa a riƙa rubuta wa wayoyi da injinan wanki maki cikin 10 na sauƙin gyara. A shekarar dai Tarayyar Turai ta wajabta a ajiye kayan gyaran firji da injin wanki da talabijin na shekara 7 zuwa 10, a 2024 ta ƙara da dokar da ke ba wanda ya zaɓi gyara ƙarin shekara ɗaya na garanti. Duk suna da kyau, sai dai yawancinsu noti da kayan gyara suka taɓa, kaɗan ne suka taɓa kuɗin hannun mai gyaran, kamar Sweden da a 2017 ta rage harajin gyaran keke da takalmi da tufafi daga kashi 25 zuwa 12, da Faransa da daga ƙarshen 2022 ake rage wa mutum wani abu daga kuɗin gyaran kayan lantarki.

Kuma ko an dawo da notin sai an samu hannun da zai kwance shi. Dattijon nan kafin in tafi na tambaye shi ina yaransa, ya ce na ƙarshe da ya zauna ya koya ya daɗe da barin sana'ar, waɗanda ake kawo masa yanzu wata biyu suke yi su ga abin da ke shigowa su kama gabansu, shi kuma bai ga laifinsu ba.